Ruwan Da Ke Ceton Jirgi Yana Shaƙe Kifi

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, jirgin sama ba ya tashi da safiyar hunturu sai an yi masa wanka. Wata mota ce mai dogon hannu take matsowa kusa da shi, a ƙarshen hannun akwai ɗan keji da ma'aikaci a ciki riƙe da mesa. Zai bi fukafukai da jela yana fesa musu wani ruwa mai zafi, launin ɓawon lemo, tururi ya turnuƙe wurin. Idan dusar ƙanƙara na ci gaba da zuba, sai a ƙara fesa wani kore mai kauri a kai. Cikin 'yan mintoci an gama, jirgi ya nufi titinsa, ruwan kuma ya zube a ƙasa ya nemi hanyar kwata.

Mu da ke karatun kimiyyar muhalli a jami'a mun ci karo da wannan ruwa ne a darasin tace gurɓataccen ruwa. Dukkanmu 'yan ƙasar zafi ne. Ƙanƙarar da muka sani ita ce ta firji da wadda kan faɗo da ruwan sama jefi-jefi a damina, kuma babu ranar da za a yi wa jirgi irin wannan wanka a Kano ko Yamai. Duk da haka babu misalin da ya zaunar mana da darasin a kai kamarsa. Shi ya sa muka kawo muku shi, ƙannenmu, musamman ku 'yan ajin kimiyya, don lissafin da ke ciki bai fi ƙarfin wanda ya iya daidaita ikweshan a kemistiri ba.

Bari mu fara da dalilin wankan. An ƙera fiffiken jirgi ne yadda iska za ta bi ta samansa sumul, da haka yake samun ƙarfin ɗagawa. Idan raɓa ta daskare a kai, ko da kaushinta bai wuce na takardar da kafinta ke goge katako da ita ba, iskar takan hargitse. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ce irin wannan ɗan kaushi na iya rage ƙarfin ɗagawa da kusan kashi 30 cikin 100. Jirgin da ya cika da mutane da kaya da mai, a daidai lokacin tashi, ba shi da rarar da zai yi asarar wannan.

An ga sakamakon ranar 13 ga Janairu, 1982, a birnin Washinton. An yi wa wani jirgin kamfanin Air Florida, ƙirar Boeing 737, wanka, amma ya shafe kusan minti 50 kafin ya samu damar tashi, dusar ƙanƙara kuwa ba ta tsaya ba. Ta sake taruwa a fukafukai, ta kuma toshe na'urar da ke nuna wa matuƙa ƙarfin injin. Jirgin ya ɗaga da ƙyar, ya daki wata gada, ya faɗa cikin kogin Potomac. Mutum 78 ne suka rasu, huɗu daga cikinsu suna cikin motocinsu ne a kan gadar. An sake yin irinsa a garin Dryden na Kanada a 1989, sannan a filin jirgin LaGuardia na Niyok a 1992. Bayan waɗannan ne aka ƙara tsananta doka, aka kuma ba matuƙa jadawalin da ke nuna minti nawa kowane irin ruwa zai kare fiffike a kowane irin yanayi. In lokacin ya wuce, sai a duba, in ta kama a koma a sake wanka.

Saboda haka kada wani ya ɗauka za mu ce a rage fesawa don a ji tausayin kifi. Da mu ne zaune a cikin jirgin, cewa za mu yi a ƙara.

Sinadarin da ke yin aikin sunansa gilaikol. In aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, haɗin ba zai daskare ba sai sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Iri biyu ake amfani da su. Na farko, etilin gilaikol, kun san shi ko da ba ku san sunansa ba, domin shi ne ke cikin ruwan nan mai launi da bakanike ke zubawa a lagireton mota. Yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne, yana lalata ƙoda. Akwai ma wani ɗan'uwansa mai suna dayetilin gilaikol, wanda shi ne ya gurɓata wani maganin fitar haƙoran jarirai a Nijeriya a ƙarshen 2008, yara fiye da 80 suka rasu. Na biyu, furofilin gilaikol, shi kam ana sa shi a man shafawa da maganin tari da wasu kayan ci. Kanada har yanzu ta fi amfani da na farkon, amma yawancin filayen jirgin Amurka da Turai na biyun suke fesawa.

To, in har abin da ake fesawa irin wanda ake sha a magani ne, me ya rage na damuwa? Nan ne darasin yake. Gilaikol abinci ne. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin kowane rafi suna cin sa kamar yadda tururuwa ke far wa sukari, su hayayyafa. Su ma kuwa numfashi suke yi, kuma iskar oksijin ɗin da suke zuƙa ita ce wadda ta narke cikin ruwa, wato dai wadda kifi ke rayuwa da ita.

Ku ɗauko biro mu lissafa tare. Furofilin gilaikol shi ne C3H8O2. In aka cinye shi tas, ikweshan ɗin zai zama C3H8O2 + 4O2 → 3CO2 + 4H2O. Nauyin mol ɗaya na gilaikol giram 76 ne, na mol huɗu na oksijin kuwa giram 128. Kenan kowane giram ɗaya na gilaikol na buƙatar oksijin kusan giram 1.7. Lita ɗaya ta gilaikol ta ɗan ɗara kilo ɗaya, don haka tana buƙatar oksijin kusan kilo 1.7. Yanzu sai mu tambayi rafi nawa yake da shi. Ruwa mai tsananin sanyi, wanda ya kusa daskarewa, yana riƙe oksijin kimanin miligiram 14 ne kacal a kowace lita. In kuka raba miligiram 1,700,000 da 14, za ku samu wajen lita 120,000. Tankar mai da kuke gani a hanya tana ɗaukar lita 33,000. Wato lita ɗaya tak ta gilaikol, abin da bai cika robar ruwan sha babba ba, ta isa ta ƙarar da oksijin ɗin ruwa cikin tanka kusan huɗu. Kifi kuwa ba ya jira sai ta ƙare, tun tana sauka ƙasa da miligiram 4 ko 5 da yawansu suke fara galabaita.

Jirgi ɗaya kan sha ɗaruruwan lita in raɓa ce kawai ta daskare masa, babban jirgi a ranar da dusar ƙanƙara ta yi yawa kuwa sai dubbai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa filayen jirgin ƙasar na amfani da kusan galan miliyan 25 a shekara. Gaskiya ne rafi mai gudu yana samun sabuwar iska daga sama, kuma sanyi na rage wa bakteriya saurin ci. Sai dai in saman ruwa ya daskare, ƙofar sabuwar iskar ta rufe. Jinkirin da sanyi ke kawowa kuma kai matsalar gaba kawai yake yi, zuwa wani wuri a ƙasan rafin, ko zuwa ranar da gari ya fara ɗumi, tulin dusar da aka ture gefen titin jirgi ya narke gaba ɗaya.

Akwai gwajin da ake auna wannan yunwar oksijin da shi, kuma mun yi shi a ɗakin gwaji da ruwan wata kwata. Kwalba biyu ake cikawa da ruwan bayan an sirka shi da mai tsabta. Ɗaya a auna oksijin ɗinta nan take, ɗayar a toshe ta kam, a ajiye a duhu a ɗumin digiri 20 har kwana biyar, sannan a auna. Bambancin shi ne abin da bakteriya suka zuƙe. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, in ka ɗaga kwalbar ta biyu ka duba, garau take kamar ta farkon. Ido ba ya gaya maka komai. Ruwan bayan gida na gari yakan nuna buƙatar miligiram 200 zuwa 300 a lita, ruwan da ya gangaro daga wurin wankan jirgi kuwa yakan kai dubbai, wani lokaci dubun dubata.

Waɗanda ke zaune kusa da irin waɗannan rafuka su ne suka fara lura. Wani yauƙi toka-toka mai kama da jiƙaƙƙiyar auduga kan lulluɓe duwatsun ƙasan ruwa, wanda tarin bakteriya ne da suka samu abinci fiye da kima, ya danne ƙwarin da kifi ke ci da wuraren da suke zuba ƙwai. In oksijin ta ƙare sarai, wasu bakteriyar da ba sa buƙatarta su karɓi aikin, sai wari ya tashi mai kama da na ruɓaɓɓiyar albasa. A 2008 ruwan da ya fito daga filin jirgin Heathrow na Landan ya kashe ɗaruruwan kifi a wani tafki da ke kusa, har kotu ta ci kamfanin filin tara.

Bayan yunwar oksijin, akwai 'yan ƙananan sinadaran da ake ƙarawa a ruwan, kamar mai hana ƙarfe tsatsa da mai sa ruwa ya bazu a jikin fiffike. Ba su da yawa, amma binciken da aka yi a rafukan filin jirgin Milwaukee na Amurka ya nuna cewa su ne suka fi cutar da ƙananan halittun ruwa kai tsaye, kuma wasunsu ba sa ruɓewa da wuri. Kamfanoni sun sauya wasu daga ciki. Shi ma titin jirgin ana zuba masa nasa maganin, kuma shekaru da dama yuriya ake barbaɗawa, takin nan fari da manomanmu ke sa wa masara. Yuriya in ta shiga ruwa takan koma amoniya, amoniya kuwa guba ce ga kifi. Yanzu an fi amfani da wasu gishirin fotasiyam a madadinta.

Maganin duk yana farawa ne da tarewa. Da, a bakin ƙofar da fasinjoji ke hawa ake yi wa kowane jirgi wanka, ruwan ya gauraye da na sama ya bi kwata ɗaya. Yanzu manyan filaye, irin na Toronto, sun ware wuri guda mai dandaɓe da magudanarsa daban, kusa da inda jirgi zai tashi. Wannan ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ruwan na taruwa wuri guda, jirgin kuma ba ya daɗewa tsakanin wanka da tashi. Inda babu irin wannan wuri, akwai motocin da ke bi suna zuƙe ruwan daga ƙasa. A cikin bututun kuma an sa na'urar da ke auna yawan gilaikol, ta karkata mai kauri zuwa wannan tanki, tsararo zuwa wancan. Wannan rabewar ita ce rabin aikin, domin da zarar mai kauri ya gauraye da ruwan saman da ya wanke fili duka, ya zama ba ya moruwa kuma ya yi yawan da ba a iya ajiye shi.

Mai kaurin ana sake sarrafa shi. A tace dattin, a dafa shi ruwan ya tashi a tururi, gilaikol ya rage tunda shi ba ya saurin tafasa. Filin jirgin Munich a Jamus ya daɗe yana yin haka a cikin harabarsa, yana mayar da abin da ya samu ya zama sabon ruwan wankan jirgi. Na Montreal a Kanada shi ma ya buɗe irin wannan masana'anta a 2014. A ganinmu wannan ce hanyar da ta fi dacewa, don gilaikol da kuɗi ake sayen sa, kuma abin da za a iya sayarwa ba a cika barin sa ya bi kwata ba.

Sauran kuwa, bakteriyar nan da ke shaƙe kifi su ake ɗauka aiki. Tunda dai sai sun ci, sai a kai musu abincin inda babu kifi. A filin jirgin Albany da ke jihar Niyok, wanda rafinsa ke zuba a kogin Mohawk da jama'a ke shan ruwansa, an gina rufaffun tankuna da bakteriyar da ba sa buƙatar oksijin ke zaune a ciki. Suna cin gilaikol, suna fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, irin wadda ake samu daga kashin shanu, sai a ƙona ta a ɗumama tankunan da wasu gine-gine. A Buffalo manyan ramuka aka haƙa aka cika da tsakuwa, ana hura musu iska ta ƙasa, ruwan na bi ta tsakanin tsakuwar a hankali. Heathrow na da wata gona ta dogayen ciyayin fadama da ruwan ke ratsawa. Zurich a Suwizalan kuwa tsararon take fesa wa ciyawar filin, bakteriyar cikin ƙasa su gama da shi.

A baki da sauƙi, amma kiwon bakteriya na da nasa wahala. Abincin na zuwa musu ne a lokacin da suka fi kasala saboda sanyi, kuma a tare yake zuwa, yau babu ko ɗigo, gobe ya yi ambaliya. Dole a gina manyan tafkunan ajiya a riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Sannan ku sake duba C3H8O2, za ku ga babu naitirojin babu fosfaras a ciki. Kamar a ciyar da yaro da sukari zalla ne, don haka sai an ƙara musu taki kafin su yi aiki. Tafkin ajiya ma in aka bar shi a buɗe yana jawo tsuntsaye, tsuntsu kuwa abokin gabar injin jirgi ne.

Dabarar da ta fi burge mu ta birnin Oslo ce a ƙasar Norwe. An buɗe filin jirginsu na Gardermoen a 1998 a kan wani babban taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka kuma gindaya masa sharaɗin kada ya gurɓata shi. Matatar ruwan bayan gida ta yankin tana da bakteriyar da ke cire naitirojin daga ruwa, su kuwa ba sa wannan aiki sai an ba su abinci mai kabon. Matatu da yawa sayen wannan abinci suke yi. A nan sai aka riƙa tura musu ruwan wankan jirgi.

Doka kuwa ba ta tafiya da sauri ɗaya ko'ina. Kanada ta sa iyakar miligiram 100 na gilaikol a kowace lita ta ruwan da ke fita daga filayen jirgin gwamnatin tarayya tun 1994. Amurka ta fitar da nata ƙa'idar a 2012. Ta tilasta wa filayen da jiragen jet ke tashi sau 1,000 ko fiye a shekara su bar yuriya ko su cika sharaɗin amoniya, ta kuma ce sababbin filaye a yankunan sanyi su tare kashi 60 cikin 100 na ruwan wankan. Tsofaffin filaye an bar kowanne da lasisinsa da hukumar jiharsa. Hujjar da aka bayar ita ce ƙarancin fili da tsada da tsoron cunkoson jirage, kuma ba za mu ce ƙarya ba ce. Amma sabon babban filin jirgi ba kullum ake gina shi ba, ruwan da ke zuba yau daga tsofaffin yake zuba. Mu dai muna ganin an yi sassauci da yawa a nan.

Ba mu da gilaikol a rafukanmu, amma muna da abincin bakteriya iri-iri: jini da tumbin da ake wankewa a mahauta, ruwan majema, ruwan wankin rogo, da duk abin da kwatocin unguwa ke ɗauka zuwa rafi irin Jakara a Kano. Lissafin da kuka yi ɗazu shi ne dai. Bambancin ma bai yi mana daɗi ba, domin ruwa mai ɗumin digiri 30 bai riƙe oksijin da ta kai miligiram 8 a lita ba, kusan rabin na ƙasar sanyi, ga shi bakteriya a zafi ba su da kasala. Duk wanda a cikinku ya taɓa ganin kifaye sun taso saman kududdufi da asuba suna buɗe baki, ya ga abin da muke nufi.

Ko a filayen da suka fi kowa ƙoƙari, akwai kason da ba ya taruwa. Koren ruwan nan mai kauri an yi shi ne don ya manne a fiffike har sai jirgi ya ɗauki gudu, sannan iska ta share shi a daidai lokacin da ya kai wajen kilomita 185 a sa'a. Can a tsakiyar titi yake warwatsuwa, iska ta kwashe shi zuwa kan ciyawa da dusar da ke gefe, nesa da kowace magudana. Ana rage yawan abin da ake fesawa ta hanyar fara hure dusar da iska mai ƙarfi, da kuma daidaita haɗin gilaikol da ruwa gwargwadon sanyin ranar maimakon awo ɗaya kullum. A Oslo kuma an haƙa rijiyoyin gwaji a gefen titin jirgin, ana ɗebo ruwansu ana aunawa, musamman in dusa ta fara narkewa, don a san ko bakteriyar cikin ƙasa sun cinye gilaikol ɗin kafin ya isa ruwan da ke ƙasa.